Ragowar Allura



A shekarar 2010 Ma'aikatar Lafiya ta Tarayyar Najeriya ta gudanar da bincike a tsakanin rukunonin mutanen da suka fi shiga haɗarin kamuwa da cuta mai karya garkuwar jiki, wato ƙanjamau. Cikin waɗanda aka ɗebi jininsu har da masu yi wa kansu allurar kayan maye, kuma Kano da Kaduna da Abuja suna cikin wuraren da aka je. Da sakamako ya fito, sai aka tarar a cikin maza masu wannan allura kashi 3 cikin 100 ne ke ɗauke da ƙwayar cutar. A cikin mata kuwa, kashi 21. Ninki bakwai ke nan. A 2014 aka sake binciken, maza suka tashi da kashi 2.6, mata kusan kashi 14. Matan da aka samu a binciken ba su da yawa, kuma wannan ƙarancin nasu ma labari ne da za mu zo kansa. Amma ko an ɗan rage ko an ɗan ƙara, tazarar ta wuce a kira ta kuskuren lissafi.

Gari ɗaya suke, lungu ɗaya suke zama, abin da suke ɗura wa jikinsu iri ɗaya ne, sau da yawa ma sirinjin guda ne. To ina aka samo ninki bakwai?

Wani zai yi saurin cewa ai jikin mace ne, haka aka halicce ta da rauni. Akwai ƙamshin gaskiya kaɗan a nan, domin ta hanyar saduwa mace ta fi namiji saurin ɗaukar ƙanjamau. Sai dai da halitta ce kaɗai, da tazarar ta zo daidai a ko'ina, tunda jikin mace a Kano shi ne jikin mace a Landan. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya kan miyagun ƙwayoyi na 2023 ya ce idan aka haɗa duniya baki ɗaya, mace mai allura ta fi namiji yiwuwar zama da ƙanjamau da ninki 1.2 ne kacal. Sai ka sauko Afirka ka ga abin ya yi tsalle. A Dakar ta ƙasar Senegal, binciken 2011 ya samu kashi 21 a mata masu allura, kashi 7.5 a maza. A Darussalam ta Tanzaniya, wani bincike da aka yi tsakanin 2005 da 2006 ya samu kashi 64 a mata, kashi 28 a maza. Wato a cikin mata uku, kusan biyu. Inda mace ta fi talauci, ta fi ɓuya, ta fi rashin ta cewa, nan tazarar ke wage baki. Saboda haka mai neman amsa sai ya shiga ɗakin da ake yin allurar ya ga wa ke riƙe da sirinji.

Kafin mu shiga, mu san abin da sirinjin ke ɗauke da shi. Cututtuka uku ne manya: ƙanjamau, da ciwon hanta nau'in B, da ciwon hanta nau'in C. Akwai wani lissafi da ake koya wa ɗaliban aikin asibiti. Idan allurar da aka yi wa mai cuta ta soki mai lafiya sau ɗaya, yiwuwar ya ɗauki nau'in B tana iya kaiwa kashi 30 cikin 100, nau'in C kamar kashi 2 zuwa 3, ƙanjamau kuwa 3 cikin 1,000. Wadda aka fi jin tsoro ita ce ta fi wuyar ɗauka. Kuma wannan lissafin suka ɗaya ne na tsautsayi, alhali mai allurar maye yana yi sau biyu, sau uku a yini, shekara da shekaru. Ƙwayar nau'in B tana rayuwa a busasshen jini kwana 7 ko fiye. Ta nau'in C kuwa, masana a Jami'ar Yale ta Amurka sun nuna a 2010 cewa tana iya kai kwana 63 da ranta a cikin wasu nau'o'in sirinji. Ɗauraya da ruwa ba ta kashe su. Hanta kuma ba ta da saurin kuka. Mutum zai yi shekara 20 yana harkokinsa, sai ranar da ciki ya kumbura, ido ya yi ɗorawa, a ce shawara ce ta yi ƙarfi, ko a ce sammu ne. A duniya, cikin mutum kusan miliyan 14 da ke allurar maye, kusan rabi suna ɗauke da nau'in C, 1 cikin 8 kuma yana da ƙanjamau.

To mu shiga ɗakin. Ɗakin haya ne a wani lungu, ko kango a bayan gari, kuma abin da zan bayyana masu bincike sun tarar da irinsa daga biranen Amurka har gaɓar tekun Kenya. Namijin ne ya fita ya samo kayan, domin shi ya san dila, shi zai tsaya a bakin lungu ba wanda zai kalle shi sau biyu. Kuɗin yana iya zama nata ne, amma kayan a aljihunsa suka shigo. Sirinji ɗaya ya sayo. Shi zai haɗa, shi zai zuƙa, shi zai fara, don jikinsa na rawa ba zai iya jira ba, ko ya ce bari ya ɗanɗana ƙarfin abin tukuna. Don ya tabbatar allura ta shiga jijiya, zai ɗan ja sandar sirinjin baya har jini ya bayyana a ciki. Bayan ya danna, wani ɗan guntun jinin zai maƙale a wuyan sirinjin, tsakanin allura da gangar jiki, inda ido ba ya gani. Sa'an nan ya juyo ya ce, "Kawo hannunki."

Ita ba ta iya yi wa kanta ba. Jijiyoyin mata sun fi siranta, sun fi nutsewa cikin tsoka, kuma bincike a ƙasashe da dama ya nuna mata da yawa hannun saurayi ko miji ne ya yi musu allurar farko a rayuwarsu, daga nan kuma suka dogara da hannun. Yanzu bakin allurar ya dakushe, shi kuma ya riga ya yi caji, hannunsa ya yi nauyi. Ya soka ya kuskure, ya sake, ya sake. Kowace suka ƙofa ce. In ta yi ƙarfin hali ta ce, "Da ka sayo sabuwa mana," amsar a shirye take: "Wato ba ki yarda da ni ba ke nan?" Magana ta ƙare. A inda ake duka kuwa, ba za ta ma fara ba, kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce matan da ke shaye-shaye suna fuskantar cin zarafi ninki biyu zuwa biyar fiye da sauran mata.

Yadda a gidaje da yawa maigida ke fara cin tuwo a mayar wa mace ragowar kwano, haka ake mayar mata da ragowar allura. Abin takaicin shi ne, a zuciyarta tana ganin ta tsare kanta. Da ma'aikaciyar lafiya za ta tambaye ta ko tana haɗa allura da mutane, za ta rantse ba ta yi, domin a wurinta wannan ba mutane ba ne, mijinta ne ko wanda zai aure ta. Shi kuwa da rana ya zauna da abokai huɗu ko biyar a wani kangon, sirinji ya zaga. Ita da mutum ɗaya ta haɗa, amma jinin majalisarsa kaf ya iso gare ta.

Wannan ƙofa ɗaya ke nan. Ta biyu ita ce shimfiɗa. Mutumin da ya yi mata allura shi ne abokin kwananta, kuma wadda ba ta isa ta ce a sayo sabuwar allura ba, ina za ta isa ta ce a sa kwaroron roba? Sa'an nan ga batun kuɗi. In aljihu ya bushe, namiji zai yi dako, ya tura baro, ya bi 'yan jagaliya, ko ya ɗauke wayar wani. Hanyoyin mace ba su kai haka yawa ba. Dila da kansa zai ce in babu kuɗi akwai wata hanyar biya. Wani lokaci saurayin ne ma zai tura ta ta nemo musu. Wadda kuwa ƙishirwar ƙwaya ta kama, gumi na karyo mata, ciki na murɗawa, ƙasusuwa na ciwo, ba ta da ƙarfin ciniki. Duk sharaɗin da mai kuɗi ya gindaya za ta karɓa. Mai kuɗin nan kuma ba daga wata duniya ya zo ba, yana da mata a gida, wataƙila biyu. Tun asali ma, babban binciken ƙasa na 2018 ya nuna a tsakanin 'yan shekara 15 zuwa 49, mata kashi 1.9 ne ke da ƙanjamau, maza kashi 0.9. Mace mai allura a kan wannan tazarar ta ɗora tata.

In ana son a ga inda talauci ke kai mace, a dubi abin da wata mai bincike, Sheryl McCurdy, ta bayyana wa duniya a 2005 daga Darussalam. Matar da ta samu kuɗin hiroyin takan yi allurarta, sa'an nan ta zuƙo jininta cike da sirinji ta miƙa wa ƙawarta da ba ta samu ba, ita kuma ta ɗura a jijiyarta da fatan ɗan abin da ke cikin jinin zai kwantar mata da ciwo. A tsakaninsu taimako ne, zumunci ne. A wurin likita kuwa, da wuya a ƙirƙiro hanyar yaɗa cuta da ta fi wannan. A tsakanin mata aka fara ganin wannan ɗabi'a, domin su ne suka fi kwana ba su samu ba.

Wani mai sauraro zai ce, sirinji nawa yake? Ai ba shi da tsada, ko'ina akwai kemis. Gaskiya ne. To mu tsaya a bakin kantar kemis ɗin unguwa da magariba. Saurayi ya shigo ya ce a ba shi sirinji biyu, an miƙo, ya biya, ya fita, ba a ko ɗaga kai ba. Budurwa ta shigo da hijabinta ta nemi abu ɗaya. Mai kemis ya san babanta. "A'a, Hajiya, waye ba lafiya a gidan? Umma ce? Wa zai yi mata allurar?" Ga mutum biyu a kan benci suna jiran a auna musu jini, kunnuwansu a buɗe. Yau ta yi ƙarya ta tsira. Gobe fa? Jibi fa? Kafin mako ya zagayo labari ya kai gida. Saboda haka ba za ta dawo ba. Za ta aiki yaro, ko ta jira namijin, ko ta ci gaba da wanda ke ɓoye a ƙasan akwatinta har bakinsa ya lanƙwashe.

A kan ciwon hanta, lissafin ya ɗan karkace, kuma ya kamata a faɗe shi yadda yake. Wani nazari da aka buga a 2023, wanda ya tattaro bincike daga ƙasashe da dama, ya nuna mata masu allura sun fi maza saurin kamuwa da sabon ƙanjamau da ninki 1.4, nau'in C kuma da ninki 1.2. Amma jikin mace ya fi na namiji iya korar nau'in C da kansa. Kusan kashi 30 cikin 100 na waɗanda suka kamu, jikinsu na kawar da ƙwayar cikin wata 6 ba tare da magani ba, kuma mata sun fi yawa a cikin masu wannan sa'a. Nau'in B kuwa ya fi zama daram a jikin maza. A Najeriya, binciken 2018 ya samu kashi 10.3 a maza, kashi 5.8 a mata, kuma dajin hanta ya fi kashe maza. Kun ga ke nan a wajen hanta halitta ta ɗan tsaya wa mace. Duk da haka ta fi saurin kamuwa da nau'in C, saboda layin da aka sa ta a kai.

Yanzu mu dawo gida. Akwai masu ganin allurar maye matsalar Turai ce ko ta Legas. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa a 2018 ya ce mutum miliyan 14.3 ne suka yi ta'ammali da kayan maye a Najeriya cikin shekara guda, kuma 1 cikin 4 mace ce. Jihar Kano kaɗai tana da sama da miliyan ɗaya. Masu allura a ƙasar baki ɗaya kimanin 80,000 ne, kusan kashi 22 cikin 100 mata. Abin lura shi ne, abin da aka fi ɗurawa ba hodar iblis ba ce, ba hiroyin ba ce, magungunan kashe zafin ciwo ne na asibiti. A nan ne sunan penta ke fitowa, wato allurar pentazocine.

Hanyar da ke kai mace ga penta sau da yawa ba ta bi ta gidan rawa ba. Ta gadon asibiti take bi. Mai ciwon sikila da ƙashi ke sara tun tana yarinya, an saba yi mata allurar in ciwo ya tashi, har ta gane cewa bayan ciwon ƙashi tana kwantar da na zuciya. Wadda aka yi wa tiyatar haihuwa. Ma'aikaciyar jinya da makullin kabad ɗin magani ke hannunta. Likitocin Najeriya sun rubuta rahotanni da dama kan irin waɗannan mata, da gyambon da allurar ke bari a cinya da damtse, da yadda tsoka ke sandarewa har gaɓa ta ƙi lanƙwasuwa. Ga kuma waɗanda suka faro daga kwalba. Kowa ya tuna yadda kodin ya shiga ɗakunan matan aure da 'yan mata a Arewa, har gwamnati ta hana sarrafa shi da shigo da shi a watan Mayun 2018 bayan rahoton BBC. Hanin ya yi daidai. Amma ɗauke kwalba ba ya ɗauke ƙishirwa, kuma mun ga abin da ya faru a wani wuri: a ƙaramar hukumar Scott ta jihar Indiyana a Amurka, mutanen da suka koma narka ƙwayar kashe ciwo suna allura da ita sun haddasa ɓarkewar ƙanjamau a 2015, sama da mutum 200 suka kamu. A Najeriya ma, da Ma'aikatar Lafiya ta sake bincikenta a 2020, an samu ƙanjamau a kashi 10.9 na masu allura, alhali a 2014 kashi 3.4 ne.

Na ce za mu dawo kan ƙarancin mata a cikin bincike. Dalilin da ya sa mai bincike ba ya samunsu shi ne dalilin da ya sa likita ba ya samunsu. A Najeriya, mace 1 ce cikin masu shaye-shaye 4, amma a cibiyoyin jinya kusan 1 ce cikin 20. A duniya, rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya ce namiji 1 cikin 7 masu larurar ƙwaya yana samun magani, mace kuwa 1 cikin 18. Kuma masana sun daɗe da lura cewa mace, ko da ta fara a makare, ta fi saurin zurmawa.

Mu faɗa wa kanmu gaskiya. In ɗa namiji ya lalace da ƙwaya, uba zai kama hannunsa ya kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau, ko na Barnawa a Kaduna, ko na Kware a Sakkwato, ko na Maiduguri. Maƙwabta za su ce Allah ya shirya, in ya warke a ba shi mata, a ce ƙuruciya ce. In 'ya mace ce, abin da za a fara tunani shi ne kada a ji. Wa zai aure ta? Wa zai auri ƙannenta? Sai a kulle ta a ɗaki, a ce aljanu ne, a kira mai ruƙiyya. Ko a yi sauri a aurar da ita, a miƙa wa wani bawan Allah matsalar a rufe cikin lefe. In matar aure ce, tana tsoron saki, tana tsoron a ƙwace mata 'ya'ya. Wasu iyayen kuma gidan mari suke kaiwa, kuma mun ga abin da 'yan sanda suka tarar a 2019 da suka fasa irin waɗannan gidaje a Kaduna da Katsina da Daura: ɗaruruwan mutane cikin sarƙa, ba likita, ba gwajin jini. Sa'an nan ga doka. Dokar da ta kafa hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA a 1989 ta tanadi ɗaurin shekara 15 zuwa 25 ga wanda aka samu da miyagun ƙwayoyi ko yana amfani da su. Mace mai goyo da ta san haka, da wace zuciya za ta je ta ce ga abin da take yi?

Rufin asiri abu ne mai kyau, al'adarmu da addininmu sun yi horo da shi. Amma rufin asirin da zai hana a gwada jinin yarinya, sunan gida yake karewa, ita kuwa yana barin ta da ƙwayar cuta tana cin hantarta a ɓoye. Kuma ba ita kaɗai ba. Uwa mai ƙanjamau da ba ta shan magani, yiwuwar ta ba jaririnta tana tsakanin kashi 15 zuwa 45 cikin 100. Da magani, takan sauko ƙasa da kashi 5. Jaririn da ya ɗauki nau'in B a wajen haihuwa, 9 cikin 10 za su zauna da shi har tsufa, alhali akwai rigakafin da in an yi cikin sa'o'i 24 na farko yake tare mafi yawan wannan. Nau'in C yana wucewa ga jariri kamar sau 6 cikin 100, ya kusan ninkawa in uwar tana da ƙanjamau. Akwai kuma wani abu da iyaye ba su sani ba: mai ciki da jikinta ya saba da irin su penta ko hiroyin, in aka kulle ta aka yanke mata rana ɗaya, cikin na iya zubewa ko ta haihu kafin lokaci. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce likita ya ɗora ta a kan maganin maye-gurbi irin su methadone, a bi ta a hankali.

Wannan ya kawo mu ga maganar da ke tayar da jijiyar wuya. Abin da aka gwada aka ga yana rage waɗannan cututtuka sananne ne: a ba masu allura sabon sirinji a karɓi tsohon, a ba su maganin maye-gurbi da ake sha ta baki, a gwada jininsu, a yi musu rigakafin nau'in B, a ba masu ƙanjamau maganinsu. Nau'in C ma yanzu ana warkewa sarai, ƙwayoyi ne na mako 12 da ke warkar da sama da kashi 95 cikin 100, kuma wata yarjejeniya ta 2023 ta sauko da farashinsu zuwa dala 60 ga ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi. Na san abin da ke zuciyar wasu: a ba ɗan ƙwaya sirinji, ai an ɗaure masa gindi ke nan. Tambaya ce ta mai hankali, kuma ƙasashen Musulmi sun riga mu yin ta. A Iran, shugaban sashen shari'a ya ba da umarni a 2005 cewa kada a tsangwami masu wannan aiki. Malesiya ta fara ba da methadone a 2005, musayar sirinji a 2006, har aka kai ga buɗe wurin ba da maganin a masallacin Ar-Rahman da ke Kuala Lumpur. A lokacin, sama da kashi 70 cikin 100 na sababbin masu ƙanjamau a ƙasar ta hanyar allura suke kamuwa. Yau ba su kai kashi 5 ba. Hujjar da malamansu suka kafa ba baƙuwa ba ce a wurin ɗaliban fiƙihu na zaurukanmu: in cuta biyu suka haɗu ba makawa, a ɗauki ƙarama don a kauce wa babba, kuma kare rai na cikin manyan manufofin shari'a. Wanda ya mutu da dajin hanta yana da shekara 35 ba shi da sauran damar tuba. Najeriya ma ta gwada musayar sirinji a 2020 a jihohi uku, Oyo da Abiya da Gombe.

Sai dai ga inda nake so masu tsara manufofi su buɗe kunne. Buɗe cibiya ba ya nufin mace za ta zo. Tanzaniya ta buɗe asibitin methadone a Muhimbili da ke Darussalam a watan Fabrairun 2011, abin yabo, amma a cikin waɗanda suka fara rajista mata ba su kai 1 cikin 10 ba, a garin da mata masu allura suka ninka maza kamuwa. Dalili a fili yake. Layi ne na maza, da rana tsaka, a bainar jama'a, kuma mai yiwuwa wanda ya doke ta jiya yana cikin layin. Iran ta gane haka, ta buɗe asibitin mata zalla a Tehran a 2007. Dakar ta buɗe cibiyarta a asibitin Fann a ƙarshen 2014, ta farko irinta a Afirka ta Yamma, kuma ko can sai da ma'aikata suka riƙa bin mutane har unguwanninsu.

A ƙasar Hausa ba ma buƙatar a koya mana yadda ake isa ga matar da ke cikin gida. Yaƙin da aka yi da shan inna mata ne suka yi shi, gida gida, da hijabi da akwatin ƙanƙara, suna shiga inda namiji ba ya wuce zaure. Irin waɗannan mata, musamman waɗanda suka taɓa shiga wannan hali suka fita, su ne za su iya zama a bakin gado su yi maganar da ba za a yi da likita namiji ba. Wuri na biyu shi ne awon ciki, domin nan ne kaɗai mace ke zuwa asibiti ba wanda ya tambaye ta dalili. Ana gwada ƙanjamau a wurin awo. A haɗa da nau'in B da C, a kuma koya wa ma'aikaciyar jinya yadda za ta ga tabon allura a cinya ta rage murya, maimakon ta ƙwala wa abokiyar aikinta kira ta zo ta gani. Tsawa ɗaya a ɗakin awo ta isa ta sa mace ta haihu a gida, jaririn ya rasa rigakafin ranar farko.

Jihar Kano ta kafa dokar gwajin lafiya kafin aure a watan Mayun 2024, kuma ƙanjamau da ciwon hanta nau'in B da C suna cikin abin da ake dubawa. Mataki ne mai kyau, amma a san iyakarsa. Wanda ya kamu a 'yan makonnin nan, gwaji na iya nuna ba shi da komai, wani lokaci har zuwa wata uku. Takardar ranar ɗaurin aure kuma ba ta san abin da zai faru a shekara ta biyu ba. Sa'an nan in sakamakon yarinya ya fito da cuta, a tabbata daga ɗakin gwaji ɗakin magani za ta wuce, ba bakin 'yan unguwa ba.

Ke kuma 'yar'uwa da ke saurare, wadda wannan magana ta shafa ko ta shafi ƙanwarki ko 'yarki: gwaji uku za ki nema, ƙanjamau da nau'in B da nau'in C. In ba ki da nau'in B, ki nemi rigakafinsa, allura uku ce. Maganin ƙanjamau kyauta ake ba da shi a asibitocin gwamnati. In kina da ciki, ki gaya wa likita abin da kike amfani da shi kafin ki yanke da kanki. Kafin Allah ya kawo ranar dainawa kuma, duk allurar da ta shiga jikin wani, ko da mijinki ne, kada ta shiga naki, haka ruwan da aka ɗauraye ta da murfin da aka haɗa maganin a ciki.